Zanin gado na auduga zalla: yaya ake gane na gaske, kuma me ke kashe shi da wuri?

Maman Hanan: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. Ina haɗa wa 'yata kayan ɗaki, biki bayan Babbar Sallah in Allah ya kai mu, yanzu na zo kan zannuwan gado. So nake in saya mata na auduga zalla wanda zai yi shekaru ana mora, ba na ranar jere kaɗai ba. To duk shagon da na shiga kowa rantsuwa yake nasa auduga ne, har wanda kina taɓawa za ki ji santsin roba. Wani an rubuta 1000TC a jikin ledarsa, wani an ce audugar Masar ce, kuɗin kuwa ya ninka. Don Allah masu sani, yaya ake gane na gaske? Kuma wannan lambar tana da wani amfani ko ado ce?

Ummu Sadik: Wa alaikumus salam. Allah ya sanya alheri, ya kai mu lokacin lafiya. Hanyar da ba ta ƙarya ita ce wuta. Ki zaro zare biyu ko uku daga bakin yadin ki kunna musu ashana. Auduga tana ci da wuta kamar takarda, warin ma na takarda ne, sai ta bar toka mai laushi da za ki murje ta bi iska. Roba kuwa narkewa take, ta dunƙule ta zama ɗan baƙin ƙullutu mai tauri, ga warin leda. In haɗi ne za ki ga duka biyun, toka kaɗan da ɗan ƙullutu a ciki.

Maman Hanan: Na gode Ummu Sadik. Amma wanda aka riga aka ɗinke yana cikin leda fa? Mai shago ai ba zai yarda in zare masa kaya ba.

Hajiya Rabi 'Yar Kwari: Maman Hanan barka da hidima. Ni sana'ata ke nan, kuma gaskiya zan faɗa miki ko da 'yan kasuwa za su ji haushina. Wanda yake da tabbacin kayansa ba ya hana a buɗe leda. Ki juya rigar filo ta ciki, a wurin ɗinki kullum akwai ɗan zaren yadi da ya fito, shi za ki ɗauka, ba zaren ɗinkin ba, don zaren ɗinki ko a na auduga yawanci na roba ne. In ya ce ba za a buɗe ba, ki yi gaba, Kwari ba shago ɗaya ba ne.

Sannan ko babu ashana akwai hannu. Ki dunƙule gefen yadin a tafin hannunki ki matse sosai ki saki. Auduga za ta riƙe yamutsa, roba kuwa miƙewa za ta yi kamar ba a taɓa ta ba. Ki ɗiga masa ruwa kaɗan, auduga tana shanyewa, roba ruwan ya tsaya ya yi ta yawo a kai. Sai dai sabon yadi wani lokaci sitacin kamfani yakan sa ruwan ya ɗan jinkirta, don haka kada ki dogara da wannan shi kaɗai.

Zainabu Maraɗi: Mu nan ma yawancin kayan daga Kano ake kawo mana su. Ni abin da ke ruɗa ni shi ne lambar nan. An ce mini in ba ta kai dubu ba, ba mai kyau ba ne.

Baba Tanko Kakuri: Salamu alaikum. 'Yata ce ta nuna mini wannan magana ta ce in sa baki, tunda na yi rayuwata a masaƙa, a sashen saƙa, a nan Kaduna. Hajiya Zainabu, wanda ya gaya miki haka kuɗinki yake so.

Lambar nan ƙidayar zare ce. Ana auna inci ɗaya tsawo, inci ɗaya faɗi a jikin yadi, a ƙirga zaren tsaye da zaren kwance da ke cikin wannan ɗan wurin a haɗa. In tsaye 100 ne kwance 100, an sami 200 ke nan. To ki duba girman inci ɗaya a yatsanki. Zare nawa zai shiga? Da zare guda guda, in an kai 400 zuwa 500 wuri ya cika, komai sirantakar zaren. Dabarar da ake yi ita ce a murɗa siraran zare biyu ko uku su zama ɗaya, a saƙa, sannan wajen ƙirga a ƙirga kowane sili daban. Yadin da gaskiyarsa 300 ne sai ya koma 900 a jikin leda. Sau da yawa ma audugar da ba ta da ƙarfin tsayawa ita kaɗai ce ake murɗawa haka. Sakamakon sai yadi ya yi nauyi, iska ba ta ratsa shi, mutum ya kwana yana gumi a watan Afrilu yana ganin ai mai tsada ya saya. Wannan ma in an yi ƙirgar ke nan. Wasu ledojin buga lamba kawai ake yi, ba wanda ya ƙirga komai.

Tsakanin 200 da 400 na zare guda, in audugar mai kyau ce, ya ishi kowane gida.

Abin da ya fi lamba muhimmanci shi ne tsawon silin audugar kanta. Audugar da aka fi nomawa a duniya silinta bai fi inci ɗaya da ɗan ɗori ba. Akwai kuma mai dogon sili, irin wadda ake nomawa a Masar da sunan Giza, da Pima ta Amurka, wadda silinta kan kai milimita 35 ko ya wuce. Dogon sili in aka kaɗa shi, bakin sili kaɗan ne ke leƙowa daga jikin zare, shi ya sa yadin yake da laushi kuma ba ya yin ƙurajen nan da kuke gani bayan wanki. Gajeren sili kuwa bakinsa ko'ina, da an goga sai ya tashi ya dunƙule. Tsofaffinmu masu kaɗi da mazari sun san wannan tun kafin injin ya zo. Mai kyau suke warewa su yi zaren tsaye, ragowar a yi abawa.

Ummu Sadik: Masha Allah Baba, Allah ya ƙara lafiya. Yau na ƙaru.

Zainabu Maraɗi: Allah ya saka da alheri Baba. To ita audugar Masar ɗin, in an rubuta, a yarda?

Abdul Samaru: Ku yi haƙuri in shigo, iyaye. A kan audugar Masar akwai abin da ya faru a Amurka a shekarar 2016. Babban kantin Target ya yanke hulɗa da kamfanin Welspun na Indiya bayan ya gano zannuwan gadon da ake kawo masa da sunan audugar Masar ba da ita aka saƙa su ba, har ya mayar wa masu saye kuɗinsu. In a can da ake bincike haka ta faru, ina ga ledar da aka buga wa rubutu aka zubo a kwantena? Ƙungiyar audugar Masar tana da tambarinta da take bai wa kamfanonin da ta tantance, har gwajin ƙwayar halitta suke yi wa audugar. Amma shi ma tambari ana kwaikwayonsa. Audugar Masar mai dogon sili kaɗan ce ƙwarai cikin abin da duniya ke nomawa, ba za ta isa ta cika kowane shago a Kano da Kaduna da Abuja ba. In kin ga an ce ta Masar ce kuma kuɗinta daidai da na gama-gari, kin san amsa.

Hajiya Rabi 'Yar Kwari: Gaskiyar Abdul. Ni ba na cewa kayana na Masar ne don ban je gonar ba. Abin da zan iya rantsewa a kai shi ne auduga ce ko ba auduga ba. Yawancin masu kyau da ke shigo mana daga Pakistan da Indiya da Turkiyya suke. Na Chana ma akwai auduga ta gaske a ciki, kada a yi musu kuɗin goro, sai dai na robar sun fi yawa don su mutane ke iya saye.

Maman 'Yan Biyu: Ni fa zan faɗi abin da ba za a so ji ba. Duk wannan yabon auduga na masu hali ne da masu 'yar aiki. Ina da yara huɗu, biyu har yanzu suna fitsarin kwance. Da damina in na wanke na auduga sai ya wuni bai bushe ba, ga guga, ga wuta babu. Na roba kuwa in wanke da safe, kafin azahar ya bushe, ba ya yamutsewa, kalarsa ba ta fita, kuɗin guda na auduga zai sayo mini uku. A bar talaka da abin da ya fi masa sauƙi.

Nas Hadiza: Maman 'Yan Biyu ba wanda zai ga laifinki, hujjarki mai ƙarfi ce. Amma ki lura da jikin yaran lokacin bazara. Roba ba ta shan gumi, sai ya kwanta tsakanin fata da zani, daga nan ƙurajen zafi suke samun wuri, musamman a wuya da baya. Ko guda biyu na auduga marasa nauyi ki ajiye musu na watannin zafi, na robar a bar wa damina. Mai fitsarin kwance kuma a sa ledar katifa a ƙasa, a ɗora zanin auduga a kai, don kada fatarsa ta kwana a kan leda.

Maman 'Yan Biyu: Wannan kam zan iya. Amma maganar a zubar da na roba gaba ɗaya ban yarda ba.

Baba Tanko Kakuri: Ba wanda ya ce a zubar, 'yata. Akwai ma na haɗi, rabi auduga rabi roba, otal da asibitoci da yawa shi suke amfani da shi don yana jure wanki. Abin da nake ƙi shi ne a sayar wa mutum roba da sunan auduga a karɓi kuɗin auduga. Wannan zalunci ne.

Kuma abin yana yi mini ciwo ta wani gefen. Masaƙar KTL, wato Kaduna Textiles, a 1957 aka buɗe ta a nan Kakuri, masaƙun UNTL da Arewa Textiles suka biyo baya a shekarun 1960. Auduga daga Funtua da Gusau da Malumfashi ake gurje ta a kawo, mu kaɗa, mu saƙa, mu rina. In aka tashi daga aiki titi ba ya biyuwa saboda kekunan ma'aikata. Farin yadin da muke fitarwa ba wanda yake tambaya ko auduga ce, don ba mu san wani abu ba sai ita. KTL ta rufe a 2002. Yau jikokinmu ne ke kunna ashana a kasuwa don su gane auduga, a ƙasar da ake noma ta.

Abdul Samaru: Wallahi Baba. Har yanzu cibiyar binciken noma ta IAR a nan Samaru tana da irin audugarta da ake kira SAMCOT, amma manomi ba zai shuka abin da ba shi da mai saye a kusa ba.

Maman Hanan: Allah ya kyauta. Baba ina da wata tambaya. Na ga iri biyu duk an ce auduga ne, na gwada da wuta kamar yadda aka ce kuma duka sun ba da toka. Amma ɗaya yana sheƙi da santsi, ɗaya kuwa ba ya sheƙi, yana da ɗan kauri-kauri a hannu. Wanne ya fi?

Baba Tanko Kakuri: Bambancin saƙa ne, Hajiya. Wanda ba ya sheƙi saƙarsa ɗaya bisa ɗaya ce, zaren kwance ya hau ɗaya ya bi ƙarƙashin ɗaya, a leda za ki ga an rubuta percale. Yana da sanyi a jiki, iska tana wucewa, yana da ƙarko, kuma kullum aka wanke ƙara laushi yake. Aibinsa yamutsa. Mai sheƙin kuwa zare yana tsallake uku ko huɗu kafin ya nutse, shi ake rubuta wa sateen. Ya fi kyan gani a kan gado, ya fi santsi, amma ya fi ɗumi, kuma da yake zaren yana kwance a sarari, farce ko zobe ko kaushin ƙafa yana iya jan sa. Don zafin ƙasarmu ni na farkon zan zaɓa a mafi yawa, mai sheƙin a yi guda ɗaya ko biyu na sanyi da na baƙi.

Ki ɗaga yadin ki kalli haske ta cikinsa. In saƙar ta yi daidai ko'ina, madalla. In kin ga wani wuri a cike wani wuri kamar rariya, ki ajiye. Ki kuma murza gefensa tsakanin yatsu a kan baƙin mayafi, in farin gari ya zubo, sitaci aka cika masa don ya yi nauyi, wanki ɗaya zai tona shi. Mai zane kuma ki juya bayansa. In bayan fari ne fat, zanen a sama kawai aka ɗora shi, zai koɗe da wuri. Wanda rini ya ratsa, bayansa ma yana ɗauke da kala.

Anti Luba Tela: Ni shawarata Maman Hanan ki sayi yadi a ɗinka miki, ya fi sauƙi kuma kin ga abin da kika saya da idonki. Matsalar na leda ita ce awo. Ga lissafi: gado mai ƙafa shida da shida inci 72 ne kowane gefe. In katifar inci 10 ce, kin ƙara 20 na gefe biyu, sannan a bar inci 8 kowane gefe na cusawa ƙarƙashi, 16 ke nan. Jimla 108, wato yadi uku cif. To yawancin na leda da ake ce wa na babban gado faɗinsu 90 ne, shi ya sa da an juya cikin dare sai zani ya zame katifa ta fito. Ki nemi yadi mai faɗin 108 ko 110. In gadon shida da bakwai ne tsawon ya koma 120. Kuma ki auna katifar da za a kai ɗakin, yanzu akwai masu inci 12 har sama.

Abu na biyu, ki jiƙa yadin ki wanke ya bushe kafin ki kawo wa tela. Auduga tana tsukewa a wankin farko. In aka ɗinka mai lastik a kusurwa daidai wa daida kafin a wanke, daga baya ba zai shiga katifa ba, sai a ce tela ce ta ci yadi.

Ummu Sadik: Anti Luba kin taɓo inda yake mana ƙaiƙayi. Wankin farkon nan ni da gishiri nake jiƙawa ya kwana don kala ta kama. Haka mahaifiyata take yi.

Baba Tanko Kakuri: Allah ya saka wa mahaifiyarki, amma a yadin kamfani gishirin nan ba ya ƙara komai. Ana zuba gishiri ne a cikin ruwan rini lokacin da ake rinawa, don ya tura rinin cikin zare. Bayan an gama an fitar, aikinsa ya wuce. Kalar da kike gani tana fita a wankin farko rarar rini ce da ba ta kama ba, dole ta fita, da gishiri ko babu. A wanke shi shi kaɗai da ruwan sanyi har ruwa ya washe. In an yi wanki uku yana ta zuba, rinin ne ba shi da kyau.

Ummu Sadik: Baba ni dai ina ganin amfaninsa, ba zan daina ba.

Baba Tanko Kakuri: Ba ya cutar da yadi, ki ci gaba abinki.

Malam Sani Mai Guga: Salamu alaikum iyayena. Ni wanki da guga nake yi, zanin gado kuwa ba irin wanda bai biyo ta hannuna ba. Mai kyau da marar kyau duk na ga yadda suke mutuwa, kuma yawanci ba tsufa ke kashe su ba, hannu ne.

Babban mai laifi Hypo, ruwan bilicin nan na wanke fararen kaya. Hajiya za ta ga farin zani ya ɗan yi ja a wurin kai, sai ta tsiyaya shi kai tsaye a kan yadi, ko ta jiƙa ya kwana. Yana cin zaren auduga. Ranar ba za ki ga komai ba, sai bayan wata biyu kina shimfiɗawa ki ji ya yage kamar an sa reza. Kuma jan gumi da man kai ba ya fita da shi, wani lokaci ma ƙara rawaya yake. In dole ne, murfi ɗaya a cikin babban baho cike da ruwa, minti kaɗan, a ɗauraye sosai. Abin da ya fi shi ne ruwa mai ɗumi da sabulu, a jiƙa awa ɗaya, a cuɗa wurin da hannu, a shanya farin a rana. Rana da kanta tana fitar da fari.

Na biyu yawan omo. Mutane suna ganin yawan kumfa shi ne tsafta. In bai fita ba yana bushewa a cikin zare, zani ya yi tauri, ya riƙa kama datti da wuri. Kaɗan ya isa, ɗauraya kuwa sau uku. Na uku buroshi. Kada a sa wa zanin gado buroshi, kada a buga shi a kan dutse ko siminti. Na huɗu murɗawa da ƙarfi wajen matsewa, mutum biyu kowa ya kama gefe suna juyawa, ɗinkin baki ne ke fara tsinkewa.

Mai kala a juya bayansa a shanya, da ya bushe a kwashe. Wasu sai su bar shi tun safe har magariba a ranar Maris, ta yaya kala za ta zauna? Da hunturu kuma ƙura ce, kin wanke kin bar shi ya wuni a igiya, kin kwaso datti kin kai gado.

Nas Hadiza: In ƙara a kan maganar Malam Sani, don Allah kada a haɗa Hypo da ruwan khal ko da maganin wanke masai. Haɗin yana tayar da iska mai guba da ke ƙona ƙirji, a banɗaki rufaffe yana iya kayar da mutum. Na ga ana yaɗa wannan haɗin a matsayin sirrin farin wanki, ba sirri ba ne, haɗari ne.

Sannan wanki duk mako shi ne daidai, rigar filo ma in da hali sau biyu a mako ga mai ƙurajen fuska ko mai yawan shafa mai a kai. Gidan da ke da mai asma, a riƙa wanke zaninsa da ruwa mai zafi da ya kai digiri 60, shi ke kashe ƙananan ƙwarin ƙura da ido ba ya gani waɗanda ke tayar da ciwon. Nan ma auduga ta yi wa roba nisa, don tana jure zafin. Jini kuwa akasin haka ne, ruwan sanyi tun yana ɗanye, in kika sa na zafi kin dafa shi a cikin zare.

Maman 'Yan Biyu: To gugar fa? Dole ce? Ni ita ce ta raba ni da auduga.

Malam Sani Mai Guga: Ba don ciniki na faɗa ba Hajiya, amma da damina ki daure. Akwai ƙudan da ke yin ƙwai a jikin kayan da aka shanya a ƙasa ko a inuwa mai laima, musamman masu warin fitsari ko gumi, tsutsar ta shiga fatar yaro ta yi kamar maruru. Zafin dutsen guga yana kashe ƙwan. Don haka kada a shanya a kan ciyawa ko ƙasa, a igiya cikin rana. In don yamutsa ce kawai, ga sauƙi: ki kakkaɓe shi da ƙarfi kafin ki shanya, ki ja gefunan su miƙe, ki kwashe da ɗan sauran sanyi-sanyi ki ninke da kyau ki ɗora wani abu mai nauyi a kai na ɗan lokaci, sannan ki baza ya ƙarasa bushewa. In za a goga ma a lokacin nan ya fi kwanciya. Mai dutsen gawayi ya kula da toka da tartsatsi a kan fari.

Falmata Yerwa: Duk kun yi magana ba wanda ya taɓo ƙamshi, kuma ɗakin amarya ake haɗawa. Auduga tana riƙe turaren wuta fiye da roba nesa ba kusa ba. Ki ɗora zanin a kan kabbasa bayan ya bushe, garwashi kaɗan, a bar hayaƙi ya ratsa shi a hankali. Amma kada a yayyafa humra ko turare mai maiƙo kai tsaye a kan yadi, yana barin tabo mai rawaya da ba ya fita, kuma farin zani in ana yawan turara shi da wuta mai ƙarfi yana dishewa. Fari a rage masa, masu kala su sha.

Malam Sani Mai Guga: Gaskiya ne Hajiya Falmata. Tabon humra da na lalle su ne ba na yi wa kowa alkawari a kansu. Amaryar da aka yi wa ƙunshi ta shimfiɗa tsohon zani a daren. Ruwan laushin nan mai ƙamshi da ake zubawa a ɗauraya shi ma a rage, yana lulluɓe zare da wani maiƙo, a hankali zani ya daina shan gumi.

Hajiya Rabi 'Yar Kwari: Wata magana kuma, yawa. Gara guda huɗu masu kyau ana juyawa da goma sha biyu na roba da aka jera don 'yan ganin ɗaki. Ɗaya a gado, ɗaya a wanki, biyu suna hutawa a durowa. Kuma a fitar da su daga ledar kamfani, leda tana riƙe laima, da damina sai ki buɗe ki tarar da ɗigon fumfuna baƙi-baƙi, shi kuwa in ya kama auduga da wuya ya fita duka.

Zainabu Maraɗi: Zan faɗi wani abu kada a yi mini dariya. Mafi kyan zanin gado da nake da shi na gwanjo ne. Auduga ce mai nauyi, an riga an wanke ta ta yi laushi, ta gama tsukewar da za ta yi. Masu zuwa Kano suna samo su a Ƙofar Wambai.

Maman Hanan: Hajiya Zainabu don kaina zan iya, amma ɗakin amarya da gwanjo? Dangin miji ba za su bar ni in sha ruwa ba.

Anti Luba Tela: A ɗakin amarya kam a'a. Amma na yara da na yau da kullum ba laifi. Sai dai a ɗaga shi a haske a duba tsakiyarsa, nan ne yake fara sirancewa, gefe yana nan da kyau tsakiya ta mutu.

Nas Hadiza: Kuma kafin ya shiga ɗaki a wuce da shi wurin wanki kai tsaye, ruwa mai zafi sosai, rana, sannan guga har cikin ɗinki, saboda kuɗin cizo da ƙwansa a nan suke ɓuya. Filo da katifa na gwanjo kuwa ban ba da shawara ba sam, don ba sa wankuwa har ciki.

Inna Asabe: 'Ya'yan nan ku sa wa yarinya gwado ko luru guda ɗaya a kayanta. Saƙar hannu ce, auduga ce tun daga gona, da sanyi ba bargon da ya fi shi daɗi, kuma nawa na aure har yanzu yana nan. A Kurmi ana samu in an tambaya.

Hajiya Rabi 'Yar Kwari: Ana samu Inna, amma shi ma yanzu sai an duba, wasu masaƙan sun koma sayen zaren kamfani mai roba don ya fi araha. Ashanar dai za a sake kunnawa. In na baƙin rini ne kuma a wanke shi daban, yana zuba sosai a farko, kada ya haɗu da fararen.

Maman 'Yan Biyu: Anti Luba, na gadon yara mai huɗu da rabi yadi nawa zan saya? Katifar inci 6 ce.

Anti Luba Tela: Faɗinsa inci 54, ki ƙara 12 na katifa da 16 na cusawa, 82 ke nan, don haka mai faɗin 90 ya ishe ki. Tsawo 72 da 28, ya zama 100. Ki sayi yadi uku, bayan ya tsuke an kuma naɗe baki ba abin da zai ragu sosai. In kina son rigar filo biyu daga jikinsa ki ƙara yadi ɗaya.